Shayarwa Biyar Kafin Bakwai Ga Wata

Mu biyar ne manya a falon ranar da aka shigo da yarinyar. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, likita, wanda nake zaune a gidansa a Camberwell, nan ƙasar turawa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Akwai matarsa, wadda har yau amarya nake kiranta ko da yake aurensu ya kai shekara goma sha huɗu. Akwai autata, da ta taso daga Edmonton da safe da jaririnta ɗan wata huɗu. Sai maƙwabciyarmu ta flat ɗin ƙasa, 'yar zangon Kumasi, wadda ba wanda ya kira ta, ta dai ji ƙarar akwatuna a matakala ta biyo su. Ita kuwa yarinyar tana kafaɗar amarya, ta cusa fuska a wuyanta, ba abin da muke gani sai ƙeya da ƙafafu biyu cikin jar safa.

Daga wani gidan marayu a Saliyo suka ɗauko ta. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma sun yi shekara uku suna bin wannan hanya. Ni tun farko hankalina bai kwanta ba. A garinmu in mace ba ta haihu ba, 'yar'uwarta ce ke wanke yaro ta kawo mata, ba takarda, ba alƙali. An san uwarsa, an san ubansa, an san kakan da ya gado wa hanci. Na ce a ɗauko jikan ƙanwata, ɗana ya ce dokar nan ta rufe ƙofar kawo yara daga ƙasarmu. Na ji, amma ban ce na yarda ba. Sai wata baturiya daga council, hukumar da ke tantance masu ɗaukar yara, ta riƙa yi mana sintiri, tana buɗe kabad, tana leƙa banɗaki, har maganin ƙafata ta sa aka mayar saman durowa. Wata rana ta ce a tambaye ni ko ina dukan yara. Na ce ɗana ya gaya mata na haifi takwas, shida na raye, ta je ta tambaye su. Ban san abin da ya fassara mata ba. Na dai ga ta yi murmushi ta rubuta, kuma maganarsa ta fi tawa tsawo.

Akwai wani abu da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ɗan nan nawa ya taɓa zuwa Saliyo aikin asibiti, ya yi watanni. Da ya tashi neman yaro, ƙasashe nawa ne a duniya, sai ya ce can. Namiji in ya nace wa wuri ɗaya, ni nakan tambayi kaina me ya bari a wurin. Don haka da aka zauna aka yi addu'a, amarya ta cire wa yarinyar safa, ba fuskarta na fara kallo ba. Yatsun ƙafa na kalla. Duk jinin mijina, Allah ya jiƙansa, yatsansu na biyu ya ɗara babban tsawo, kuma kunnensu yana da wata lanƙwasa a sama kamar an matsa da farce. Nata yatsun gajeru ne a jere kamar ƙwayar masara. Kunnen ma ba namu ba ne. Na ajiye wannan zargi, na nemi gafarar Allah a zuci, na koma kan abin da ya fi damuna.

Sharaɗi ɗaya na kafa musu tun ran da suka ce mace ce. Yarinya za ta girma. Ran da ta balaga, mutumin da take kira Baba ba muharraminta ba ne, komai yawan takardun da alƙalin turawa ya buga wa hatimi. Sai ta rufe kanta a gabansa, ba za su zauna su biyu a gida ba, ba zai yi tafiya da ita ba. Hanya ɗaya ce: ta sha nonon ƙanwarsa kafin ta cika shekara biyu. In ta sha, ta zama 'yar ƙanwarsa ta nono, shi ya zama kawunta, ni kuma kakarta ta gaske. Ɗana ya kira malamin masallacinmu a waya a gabana, malam ya ce haka ne. Ya ce a yi sau biyar don a fita daga saɓanin malamai, ko a baki ko a kofi duk ɗaya ne, kada dai ta haura shekara biyu. Kowa ya amsa. Allah kuma ya sa auta tana goyo. A nawa tunanin, abin da ya taso ta daga Edmonton ranar ke nan.

Da aka ci abinci aka yi azahar, na dubi auta na ce to, bismillah, ta shiga ɗakina da yarinyar.

Ba wanda ya motsa. Amarya ta ƙara rungume yarinyar, ta kalli mijinta. Shi kuma ya gyara murya irin yadda yake yi in zai gaya wa mutum cutarsa. Ya ce a ajin da aka yi musu na masu ɗaukar marayu, an ja musu kunne cewa yaron da ya canza hannu da yawa, in ya shigo sabon gida, sai a yi sati biyu ba mai ɗaukarsa, ba mai yi masa wanka, ba mai sa masa abu a baki sai uwa da uba, don ya gane su wane ne nasa. Ya ce ba a fasa shayarwa ba. A takarda saura kwana ashirin da huɗu ta cika biyu. In an cire sati biyu, akwai kwana goma, sun isa a yi biyar har a ƙara. Ya ma tsara ranakun, ya nuna mini wata takarda da ya liƙa a jikin firji mai layi-layi.

Na juya wajen auta. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririnta hula, hular da ba ta karkace ba. A nan na gane an riga an gama magana da ita a waya. Ni kaɗai aka bari sai da bakin ya zo.

Maƙwabciya ta sa baki. Ita kowa namiji ne a harshenta, har ni.

"Hajiya, bar shi ya huta mana. Yaro ya hau jirgi, ya gaji. Kai ma in an kawo ka ƙasa da ba ka sani ba, a ce sha nono wani mutum, za ka sha?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce mata ta ci cincin ɗinta, maganar gida ce.

Ni kuwa na shiga lissafi. Sati biyu yakan zama uku. Yau a ce yarinya tana mura, gobe a ce auta ba ta samu zuwa ba, jibi a ce baturiyar council za ta zo kada ta ga abin da ba ta gane ba. Ana nan sai a ce wayyo, Umma, lokaci ya wuce, Allah bai nufa ba. Na kalli amarya yadda ta zagaye yarinyar da hannu biyu, har ta ɗan juya mata baya daga wajen auta. Mace ce mai ladabi, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, amma mai ladabi ma tana da abin da take so. Na ce a raina wannan ba ta son nonon wata ya shiga cikin 'yarta, ta samu turawa sun ba ta inda za ta fake.

Ba wanda ya san dalilin da ya sa na kafe haka, don ban taɓa ba 'ya'yana labarin ba. Ni ma riƙona aka yi. Ina shekara uku uwata ta rasu, aka ba da ni ga abokin ubana, wani majemi. Baba nake kiransa, ban san wani uba ba sai shi. Ina zama a kan buzunsa, ina cin ragowar kwanonsa, in yana jima ni ke miƙa masa bagaruwa. Bayan kowace Layya fatu sukan cika mana tsakar gida, yana koya mini bambance ta rago da ta bunsuru da ido. Shekarar da na girma, matarsa ta kira ni ta miƙo mini mayafi. Ta ce daga yau ba na shiga turakarsa, in zan gaishe shi in tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi laifi ba, gaskiya ta faɗa. Shi ma bai canza mini ba, yana aiko mini da tsaraba kamar da. Amma daga ranar baƙuwa na zama a gidan da na tashi, har na bar shi. Da ya kwanta ciwon ajali, 'ya'yansa na ciki suna juya shi, ni ina waje da tsofaffi ina amsa gaisuwa.

Don a sauya magana, ɗana ya buɗe akwati ya ciro wani littafin hotuna da gidan marayun suka haɗa wa yarinyar, wai in ta girma ta san inda ta fito. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Su suna karanta rubutun da ke ƙasan kowane hoto, suna cewa kai, dubi nan. Ni ban san baƙi ba, ko na boko ko na allo. Da ya iso hannuna, hotunan kawai na kalla, kuma ni in na kalli abu ina daɗewa.

A hoton farko wata mata ce cikin farin leshi da ɗaurin kai, tana riƙe da jaririya a zane. Zanen ya buɗe, ana ganin cibiya, an matse ta da wani ɗan roba. Ba ta faɗi ba, ba ta ma gama bushewa ba. Na yanke cibiya da hannuna ya fi sau talatin a unguwarmu, na san wadda ta kwana ɗaya da wadda ta kwana biyar. Wannan ta kwana uku. Sai idona ya wuce kafaɗar matar. Ƙofa a buɗe take, ana hango tsakar wani gida. Raguna biyu a rataye a reshen mangwaro, ɗaya an gama feɗe shi, ɗaya an kai rabi. A ƙasa ga fata ta uku an shimfiɗa, jini bai bushe ba. Mazan da ke tsaye duk da sababbin kaya, har karin guga bai baje ba.

Na tambayi amarya wannan wace rana ce. Ta ce ranar da aka tsinci yarinyar ce, a ƙofar wani ƙaramin asibiti, matar kuma nas ce. Kwanan wata kawai aka rubuta a ƙasa, sai suka koma baya kwana uku suka sa shi a matsayin ranar haihuwa.

Na ce, "Ranar Layya ce."

Ɗana ya karɓi littafin ya duba. Ya ce wataƙila ragon suna ne. Na ce a unguwar da nake gani a hoton nan, da rufin kwano mai tsatsa, ba mai yanka uku don suna. Kuma a suna maƙwabta ba sa ɗinka sabon kaya.

"To ko da Layya ce, Umma, me ya canza?"

"Yau nawa ga wata?"

Ya faɗi na turawa. Na ce ba shi nake tambaya ba. Auta ta ce biyar ga watan Babbar Sallah, don ta ji ana maganar azumin Arfa. Ni na sani, tambaya kawai na yi, tun da watan ya tsaya nake ƙirga shi.

Na ce, "Layya goma ga wata. Cibiyar nan ta kwana uku, an haife ta bakwai ga wata ke nan. Layya ɗaya ta wuce bayan wannan, ga ta biyu saura kwana biyar. Shekara biyun da Allah ya ce, da watan turawa ya ce a ƙirga?"

Ya ɗauki wayarsa yana latsawa. Na ga ya tsaya, ya sake latsawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mutum ne da ya yi karatu har ya gaji, kullum lissafin magani yake yi wa mutane. Shi da matarsa da ƙanwarsa, har malam da aka gaya wa saura sati uku bai tambayi na wane wata ba, duk takardar suka bi.

Ya ce, "Bakwai ga Zulhajji ne. Gaskiyarki."

Shekarar wata ta fi tasu gajarta, a shekara biyu kwana ashirin da wani abu sun zube. Kwana ashirin da huɗun da ke liƙe a firji ba su nan. Abin da ya rage mana shi ne sauran yinin ranar da kuma gobe zuwa faɗuwar rana, don da magaribar gobe bakwai ga wata ya shiga.

Amarya ta miƙe da yarinyar ta shige ɗakinsu, ta tura ƙofa. Ɗana ya fara cewa ya taɓa ji wasu malamai sun ƙara wata biyu a kan shekara biyun, bari ya sake kiran malam. Na ce ya kira duk wanda zai kira, ni ba zan ɗora rayuwar yarinya a kan an ce wasu sun ce ba, alhali ga mai nono a zaune. Na tashi na bi amarya. Ya so ya tare ni, na kalle shi, ya matsa.

Ban ƙwanƙwasa ba, sallama na yi na shiga. Tana zaune a bakin gado, yarinyar na cinyarta tana tauna kunnen wata 'yar tsana. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa shiga ɗakinta ba sai ranar. Na tsaya a tsaye.

Ta ce, ba ta ɗago ba, "Umma, wata shida na yi a can. Wata biyu na farko in na miƙa hannu sai ta juya bango. Kwanan nan ta fara barci a jikina. Yau muka shigo gida, ko kayanta ban kwance ba, a ce ƙirjin da za ta fara sani a gidana na wata ne."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Na so a ce ta yi kuka, da na san yadda zan yi da ita.

Na ce, "Ba ƙirji nake nema ba, nono nake nema. Malam ya ce ko a kofi. A tatso, ke ki ba ta da hannunki, ba mai taɓa miki ita. Turawanki ma ba su hana wannan ba."

Ta shafa kan yarinyar. Sannan ta ce to, a kawo, za ta ba ta a nan ɗaki, a rufe musu ƙofa don kada hayaniya ta firgita ta.

Na ce ƙofa a buɗe, ni kuma ina nan.

Sai a lokacin ta ɗago. "Ba ki yarda da ni ba ke nan."

"A kan wannan ban yarda da kowa ba, har wanda na haifa. Ran da yarinyar nan ta girma wani ya ɗaga maganar, ba za a tambayi wa ya yi niyya ba. Za a ce wa ya gani."

Na san maganar ta soke ta. Ban janye ba, ita ma ba ta ce na yi daidai ba. Ta dai ce a kawo.

Auta ba ta zo da injin da take tatsa da shi ba, tun da an ce mata ba yau ba. Na ja ta ɗakina, na wanke kofi da ruwan zafi, na jiƙa tawul na ɗora mata, na nuna mata yadda ake yi da hannu. Tana ta ƙorafi da turanci-turanci, wai ba ta taɓa ganin kaka mai tsaye a kan mutum kamar 'yar sanda ba. Na ce ta yi magana da Hausa in tana so in amsa. Jaririn bai daɗe da sha ba, abin da ya fito bai kai rabin kofin shayi ba. Na riƙe shi da hannu biyu na fito.

Na kira maƙwabciya, tun da dai ta zo, na ce ta tsaya kusa da ni ta yi shaida. Muka tsaya a bakin ƙofa, ni da ita. Ɗana yana bayanmu.

Yarinyar ta shinshina kofin ta kau da kai. Amarya ta sake kai mata, ta ture, har ɗigo biyu suka zuba a zanen gado. Na ji kamar jinina ne ya zuba. Amarya ta ce bari ta gauraya da madarar gwangwanin da ta saba da ita, ta yadda ba za ta ji bambanci ba. Na ce ba a gaurayawa, in ya so mu kwana a tsaye. Ta kalle ni, ta kalli mijinta. Sai ta sa ya buɗe jakar hannunta ya ciro wata tsohuwar fida da yarinyar ta taho da ita daga can, bakin duk ya sha cizo. Na ce a nuna mini cikinta. Ya ɗaga ta ga haske, ba komai a ciki. Na juye nonon da kaina na miƙa.

Amarya ta kwantar da ita a hannu, ta juya mana gefe, ta fara yi mata wata magana ƙasa-ƙasa da yaren can, wanda ta koya a wata shidan nan. Ban san me take cewa ba. Yarinyar ta kama fidar da hannu ɗaya, ɗayan ta cusa a wuyan rigar amarya. Ta ja sau ɗaya ta tsaya, ta yamutsa fuska, tana kallon idon amarya kamar tana tambaya. Amarya ta ci gaba da maganar. Sai ta ci gaba da sha. Ni maƙogwaronta nake kallo, ba fidar ba, don yaro yana iya tara abu a kumatu ya zubar. Na ga yana hawa yana sauka. Da saura kaɗan ta saki da kanta, ta ture fidar, ta juya ta kifa kai a ƙirjin amarya.

Ɗana ya tambaya a hankali ko wannan ya shiga lissafi. Na ce ta sha, ta bari da kanta, ɗaya ke nan.

Maƙwabciya ta ce, "Na gani da ido na. Ko lahira aka kira ni zan faɗi. Amma Hajiya, kai da tsanani. Allah ya sa ba kai ne surukin yaro na ba."

Na ce amin. Na kama bakin mayafina na yi ƙulli ɗaya.

Saura huɗu. Na ce auta ta kwana. Ta ce ba hali, tagwayenta suna hannun wata mata tun da aka tashi makaranta, mijinta kuma aikin dare yake yi satin nan. Ta ce za ta tatsa da inji ta sa a firji, Yaya ya zo da mota ya karɓa. Na ce nonon da ban ga fitowarsa ba, ban san na wa ba ne. Ta ce Umma, na wa zai zama, na saniya? Na ce ban sani ba, shi ya sa nake son in gani. Daga nan ta ce to za ta zo da kanta gobe, in ta samu dama, wataƙila bayan azahar. Na lura da wataƙilan. Shayarwa huɗu tsakanin azahar da magariba, ga yarinyar da sai an lallaɓa ta, ga jariri shi ma yana jiran rabonsa.

Da ɗana ya raka ta ƙasa, na tsaya a saman matakala. Na ji yana ce mata kada ta takura kanta, ya yi magana da malam, in ma ba a kammala ba akwai sauƙi. Ta ce to, Yaya. Ban ce musu na ji ba. Na koma ciki, na tarar amarya ta wanke fidar ta kife a kicin. Ta wuce ni a lungu ta ce sannu Umma, kamar yadda take faɗa kullum, ba ƙari ba ragi. Na kasa gane ko tana tare da ni ko jira take rana ta faɗi. Bayan la'asar na jiƙa gyaɗa da shinkafa, na ce mata ina sha'awar kunu ne.

Washegari da na idar da asuba na dama kunun gyaɗa mai kauri, irin wanda ake yi wa mai jego don nono ya kawo, na cika babban filas. Ƙofarsu a rufe, ba motsi. Na sa rigar sanyi a kan zanena, na ɗauki katin mota, na fita ban tashi kowa ba.

Shekara goma sha ɗaya a garin nan ban taɓa zuwa Edmonton ni kaɗai ba, kullum ana riƙe da hannuna. Amma duk zuwan da aka yi da ni idona a buɗe yake. Na san bas ɗin da ke haye kogi, na san ana sauka a babbar tashar nan mai rufin gilashi, na san jirgin ƙasan mai ratsin ruwan lemo. Na tsayar da wani ma'aikaci na ce masa Edmonton, ya nuna mini da hannu. Ban yarda ba sai da na tambayi wata mata mai hijabi, ta nuna wuri ɗaya. Na zauna kusa da ƙofa da filas a cinya, ina sauraren muryar da ke kiran sunan tashoshi. Wayata ta yi ta ruri a jaka, na san ɗana ne, na bar ta.

Na iso auta tana sa wa tagwaye takalmi. Da ta buɗe ƙofa ta leƙa bayana tana neman wanda ya kawo ni. Na ce ta ba ni jaririn, ta ɗauko injin ta sa a jaka, ta kuma kira matar da ke riƙe mata yara ta ce yau ma sai dare. Na goya shi, muka raka tagwaye har ƙofar makaranta. Da suka shige ta juya hanyar gida wai za ta canza riga, na riƙe mata hannu na juya ta hanyar tasha. A kan benci muna jiran jirgi na tsiyaya mata kunu a murfin filas, ta shanye, na sake cikawa. Ta ce ta ƙoshi. Na ce ba don ita ba ne, ta sha.